Ƙarfe Nawa da Awa Nawa: Agogo da Dakatawa a Sashen Gudanarwa na Harsunan Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda harsunan kwamfuta suke sarrafa agogo da dakatawa a can ƙarƙashi, wato a sashen da mai rubuta shiri ba ya gani da idonsa, sannan a duba kalmomin Hausa da suka dace da bayanin wannan aiki. Dalilin kawo batun gaban masana harshe shi ne, aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi wanda ya haifar da ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya fi karkata ga nahawu da adabi, alhali fannin kwamfuta yana nan yana jiran irin wannan hidima. A jami'o'i irin su Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, da Ingilishi ake koyar da fannin. Amma ɗalibin da ya fito daga Namtari ko Jimeta, in ya zo yi wa ɗan'uwansa ƙarin bayani, Hausa ko Fulfulde zai koma. A nan ne ake fuskantar haɗarin tattara abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalmomi biyu kacal, wato "lokaci" da "jinkiri". Za a nuna cewa Hausa ta riga ta rarrabe waɗannan abubuwa a maganar yau da kullum, kuma rarrabewar tata ita ce daidai wadda masu tsara harsunan kwamfuta suka sha wuya kafin su kai gare ta.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da "sashen gudanarwa". In mutum ya rubuta shiri da wani harshe, kamar Ada ko Java ko Go, akwai tarin ƙananan ayyuka da suke zuwa tare da harshen, waɗanda suke tsayawa tsakanin shirin da babbar manhajar na'ura, irin su Linux da Windows. Su ne suke nemo wa shirin wurin ajiya, su karanto masa agogo, su kwantar da shi, su tashe shi. Wannan tarin ayyuka shi muka kira sashen gudanarwa.

2.0 Abin da Hausa ta riga ta bambanta

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ƙarfe nawa ne yanzu?
(2) Awa nawa ka yi a hanya?
(3) Motar Numan za ta tashi ƙarfe biyu.
(4) Motar ta yi awa biyu a tasha.

Babu Bahaushen da zai rikita (3) da (4). "Ƙarfe biyu" matsayi ne a cikin yini wanda jama'a suka amince da shi, shi kuwa "awa biyu" tsawo ne da ake aunawa tsakanin farawa da gamawa. Asalin kalmar "ƙarfe" a wannan ma'ana ya nuna haka, domin ƙarfen da ake bugawa ne don kowa ya ji ya san inda yini ya kai. Ita ma "agogo" daga Yarabanci aka aro ta, inda take nufin ƙararrawa. A Fulfulden Adamawa, wadda take gogayya da Hausa a Namtari da kewayen Yola, kalmar "njamndi" tana ɗauke da ma'anar ƙarfe da kuma ta ƙarfe kaza. Ke nan a harsunan nan uku faɗin lokaci abu ne na shela, kuma duk abin da ake shelantawa hukuma tana iya gyara shi.

Tarihin agogon Nijeriya ya tabbatar da haka. Daga 1914 agogon ƙasar yana gaban na Girinwic da rabin awa, sai a ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi awa ɗaya cif, kuma a haka yake har yau. Wannan agogo bai damu da rana ba. Yola tana wajen digiri 12 da rabi gabas, Sakkwato kuwa digiri 5 da 'yan kai, saboda haka rana tana tsayuwa a Namtari kimanin minti 29 kafin ta tsaya a Sakkwato, amma wayoyin garuruwan biyu ƙarfe ɗaya suke nunawa. Ita kuwa awa biyun da manomi ya yi yana ban ruwa, babu dokar da za ta ƙara ta ko ta rage ta.

Bisa wannan muke ba da shawarar sunaye biyu. Agogon da yake amsa tambaya ta (1) a kira shi "agogon ƙarfe", wanda yake amsa ta (2) kuma "agogon awo". An zaɓi "awo" a kan "awa" domin ita ce ta asali, daga aikatau "auna", kuma ta fi faɗi, tunda abin da ake aunawa a kwamfuta sau da yawa bai kai ƙiftawar ido ba.

Akwai wata matsala da ya kamata a kawar tun yanzu. Kalmar "daƙiƙa" a Larabci minti take nufi, haka ma a Suwahili, amma a Hausa an fi amfani da ita ga kashi ɗaya cikin sittin na minti, ko da yake akan ji masu ilmin Larabci suna mai da ita ga ma'anarta ta asali. A hira wannan ba kome ba ne. A rubutun fasaha kuwa kuskure ne mai ninki sittin. Don haka a wannan takarda "sakan" za a yi amfani da ita, da "milisakan" ga kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

3.0 Inda na'ura take samun lokaci

Kwamfuta ba ta san lokaci ba, ƙirge kawai ta iya. A cikinta akwai ɗan ƙaramin dutsen kwaz wanda yake kaɗawa in wuta ta ratsa shi. Wanda aka fi sa wa agogon da batir yake riƙewa yana kaɗawa sau 32,768 a sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin in aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya zai rage, wato sakan guda. Sai dai dutsen ba ya cika daidai, kuma zafi da sanyi suna taɓa shi. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba a ɗauke shi aibi ba, yana haifar da saɓanin sakan 1.7 a yini, kusan minti ɗaya ke nan a wata. Shi ya sa na'urori suke tuntuɓar wasu agogunan ta intanet ko ta hanyar sadarwar waya suna gyara nasu. Gyaran kan zo a hankali, amma wani lokaci tsalle ne, gaba ko baya.

A tsarin Unix da danginsa, agogon ƙarfe adadi ne guda ɗaya: yawan sakan da suka wuce tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1970 a agogon Girinwic. Daga wannan adadi ake lissafo shekara da wata da rana, a ƙara awa ɗaya in a Nijeriya ake. Shi kuwa agogon awo yakan fara ƙirge ne daga sa'ad da aka kunna na'ura. Adadinsa ba shi da ma'ana shi kaɗai, sai an ɗebe wani karatu daga wani. Alkawarinsa ɗaya ne tak, ba ya komawa baya.

Kowane ƙirge yana da mazubi, mazubi kuma yana cika. Wanda yake da gurabe 32 na lissafin bibbiyu, in sakan ake zuba masa tun 1970, zai cika a kan 2,147,483,647, ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya. In kuma milisakan ake zubawa, kwana 49.7 kawai yake ɗauka ya koma sifiri, abin da ya sa Windows 95 takan sandare in ta kai wannan adadin kwanaki a kunne.

4.0 Dakatawa

A nan ne aikin sashen gudanarwa ya fi yawa, kuma a nan ne Hausa ta fi ba da taimako. Kalmomin da suke kusa da wannan ma'ana sun haɗa da "jira", "dakata", "saurara" da "jinkirta". "Jira" tana neman abin da ake jira, mutum ko saƙo. "Saurara" ta riga ta yi nauyi da ma'anar kasa kunne. "Jinkiri" kuwa yana ɗauke da ƙanshin makara, wato wuce lokacin da ya kamata. "Dakata" ce kaɗai take nuna tsayawa da gangan da niyyar ci gaba, don haka ita ta dace da umurnin da harshen Ada yake rubutawa "delay", wasu harsuna kuma "sleep". Fassara "sleep" da "barci" ba laifi ba ne a wajen kwatance, amma bai kamata ta zama keɓaɓɓiyar kalma ba.

Hanya mafi tsufa ta dakatawa ita ce a sa na'ura ta yi ta ƙirgen banza har lokaci ya wuce. Turbo Pascal na kamfanin Borland, wanda aka yi ta koyar da shirye-shirye da shi a shekarun 1990, haka yake yi. Da zarar shiri ya tashi, sashen gudanarwa yakan ƙirga zagaye nawa na'ura za ta yi a cikin bugu ɗaya na agogonta, wato milisakan 55, sai ya raba da 55 don ya san zagayen milisakan guda. Da aka samu na'urori masu saurin da ya kai megahaz 200 ko fiye, amsar rabawar ta fi ƙarfin mazubinta, wanda iyakarsa 65,535, sai shirye-shirye suka riƙa mutuwa tun kafin su fara aiki, suna nuna kuskure mai lamba 200. Masu shirye-shiryen ba su yi laifin kome ba, zaton da aka gina a ƙarƙashinsu ne zamani ya wuce.

Hanyar da ake bi yanzu ita ce sashen gudanarwa ya roƙi babbar manhaja ta janye shirin daga layi, ta ba wasu dama, ta dawo da shi in lokaci ya yi. A nan sai a lura da bambancin waɗannan jimloli:

(5) Dakata na minti goma.
(6) Dakata sai ƙarfe goma.

Jimla ta (5) tsawo ta bayar, ta (6) kuma matsayi. Za mu kira su "dakatawar tsawo" da "dakatawar wa'adi". Harshen Ada, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyin tsara shi, ya fito a 1983 da irin ta (5) kaɗai. Mai son shirinsa ya farka a wani wa'adi sai ya karanta agogo, ya ɗebe daga wa'adin, ya dakata na abin da ya rage. Illar ita ce, tsakanin karanta agogon da fara dakatawar ana iya janye shirin daga layi, ya dawo ya yi aiki da lissafin da ya riga ya tsufa. Sai a gyaran 1995 aka ƙara umurnin "delay until", wato ainihin jimla ta (6), tare da wani agogo na dabam da ba ya komawa baya. Shekara 12 ke nan kafin harshen ya samu abin da ɗan harafin nan "sai" yake yi wa Hausa.

Amfanin bambancin yana fitowa fili a aikin da ake maimaitawa. A ɗauka an haɗa na'urar da za ta riƙa duba yawan ruwan tankin rijiyar burtsatse sau ɗaya kowane sakan, kuma dubawar tana cin milisakan 10. In aka ce ta duba sannan ta dakata na sakan ɗaya, kowane zagaye zai zama sakan ɗaya da milisakan 10. Bayan zagaye 86,400, wanda ya kamata ya zama yini guda cif, ta makara da sakan 864, wato minti 14 da sakan 24. In kuwa aka ce ta dakata sai wa'adi na gaba, ana ƙara sakan ɗaya a kan wa'adin da ya wuce, makarar wani zagaye ba ta hawa kan na bayansa.

Akwai wata ma'ana ta "sai" da ta ƙara dacewa da wannan wuri. In aka ce "ba zai zo ba sai ƙarfe goma", abin da aka tabbatar shi ne rashin zuwansa kafin goma. Zuwansa goma daidai kuwa ba a ɗauki alkawarinsa ba. To, haka alkawarin dakatawa yake a Ada da sauran manyan harsuna: shiri ba zai farka kafin wa'adi ba, amma yana iya farkawa bayansa. A Windows, alal misali, agogon da ake tada shirye-shirye da shi a bisa al'ada yana bugawa sau 64 a sakan, wato kowane milisakan 15.6, don haka wanda ya nemi dakatawar milisakan ɗaya yana iya samun ninkinta goma sha biyar. Wannan rarar da take tsakanin wa'adi da ainihin farkawa, ita ce ta cancanci sunan "jinkiri". In aka kira umurnin da kansa "jinkiri", an rasa kalmar da za a kira rarar da ita, kuma jimla irin "dakatawar ta zo da jinkirin milisakan 14" ba za ta faɗu ba.

Yadda sashen gudanarwa yake cika wannan alkawari abin dubawa ne. A GNAT, tafintan Ada da aka fara ginawa a Jami'ar New York a farkon shekarun 1990, akwai wani ɓangare mai suna System.OS_Primitives. Abin da yake yi a tsarin Unix shi ne: ya karanta agogo, ya lissafa wa'adi, ya roƙi babbar manhaja ta kwantar da shirin. Da shirin ya farka sai ya sake duba agogo, domin wani saƙon gaggawa yana iya tada shi kafin lokaci. In wa'adi bai cika ba, sai ya lissafa saura ya sake kwanciya. In wa'adin ya riga ya wuce tun farko, ba a kwanciya sam. Har ila yau an ajiye iyakar kwana 183 a matsayin dakatawa mafi tsawo da ya kamata a miƙa wa babbar manhaja a tashi ɗaya, don gudun cika mata mazubi. Harshen Python bai ɗauki wannan ɗabi'a ta komawa kwanciya bayan katsewa ba sai a fitowarsa ta 3.5 a 2015. Kafin nan mai rubuta shiri ne yake ɗaukar wannan nauyi da kansa, in ya tuna.

5.0 In aka auna da agogon ƙarfe

Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, saboda haka tun 1972 ake ƙara sakan guda a agogon duniya jefi-jefi. An yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. A Nijeriya wannan sakan ya faɗo ne gab da ƙarfe ɗaya na daren 1 ga Janairu 2017, inda minti ɗaya ya samu sakan 61. Na'urori da yawa ba su da gurbin sakan na 61, sai su maimaita sakan guda, wato agogon ƙarfensu ya ja da baya.

A wannan dare kamfanin Cloudflare, mai hidimar intanet, ya gamu da matsala a wata manhajarsa da aka rubuta da harshen Go. Manhajar takan auna tsawon lokacin da wasu na'urori suke ɗauka kafin su ba ta amsa, ta hanyar ɗebe karatun agogo na farko daga na biyu. A lokacin, abin da Go yake bai wa mai rubuta shiri agogon ƙarfe ne kawai. Da agogon ya ja baya, sai tsawon ya fito ƙasa da sifiri, wani sashe da bai yarda da irin wannan adadi ba ya tsaya cik, wasu masu neman shafuka suka kasa samu. Da Hausa, abin da manhajar ta faɗa daidai yake da a ce "na iso kafin in tashi". Gyaran da masu harshen suka yi a fitowa ta 1.9, a watan Agusta 2017, yana da ban sha'awa ga mai nazarin ma'ana. Ba su ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Sun sa kowane karatun agogo ya riƙa ɗauke da adadi biyu a ɓoye, na ƙarfe da na awo. In aka nemi a nuna lokaci sai a ɗauki na farko, in aka ɗebe wani karatu daga wani sai a ɗauki na biyu. Wato kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu, muhallin jimla yake zaɓar wadda ake nufi. Java kuwa hanyar kalmomi biyu ya bi tun 2004, haka ma Python daga 2012. A ganinmu hanyar kalmomi biyu ta fi dacewa da koyarwa, domin tana tilasta wa ɗalibi ya tambayi kansa wace tambaya yake yi, ta (1) ko ta (2). Babban taron awo na duniya ya yanke shawara a 2022 cewa za a daina ƙarin sakan nan zuwa 2035, amma wannan ba zai hana agogon ƙarfe tsalle ba, tunda gyaran saɓanin dutsen kwaz da gyaran hannu suna nan.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga inda zaɓin yake da muhimmanci. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Duk wanda zai rubuta manhajar jarrabawa irin wannan, lokacin buɗe zaure na agogon ƙarfe ne, amma tsawon zaman ɗalibi dole ya hau kan agogon awo, in ba haka ba gyaran agogon na'ura a tsakiyar jarrabawa zai ƙara wa wani mintoci ya rage wa wani. Manhajar kiran salla a waya kuma akasin haka take. Wa'adinta na ƙarfe ne, ana lissafo shi daga matsayin rana a garin da mai wayar yake, shi ya sa jadawalin Sakkwato ba zai yi wa mai azumi a Namtari amfani ba. In aka gina ta a kan dakatawar tsawo, aka ce ta dakata na awa kaza daga la'asar zuwa magariba, duk gyaran da aka yi wa agogon wayar a tsakani zai wuce ba ta sani ba. A wasu na'urorin ma agogon awo yakan tsaya in na'urar ta shiga hutu don tanadin batir, kamar yadda yake a Linux, inda aka tanadi wani agogon awo na biyu mai ci gaba da ƙirge har a cikin hutun. Mai fassara littafin koyarwa zai bukaci suna ga wannan ma, kuma "agogon awo mai kwana" da "agogon awo marar kwana" za su wadatar.